Baƙo a Zariya: Ina Za a Kai Shi Ranar Asabar?

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka ɗan ƙasar waje ya tare a Samaru, zaman ɗaki ya ishe shi. Asabar da sassafe ku hau Dutsen Kufena kafin rana ta take. A riƙe ruwan sha, a sa takalmi mai kama ƙasa, don silifas zamewa yake a kan dutse. Daga nan ku shiga birni ta Ƙofar Doka, ya ga adon ƙofar fadar Sarkin Zazzau, amma kada ya ɗaga kyamara sai dogarai sun yarda.

Keke Napep, a yi ciniki kafin a hau. In kun leƙa Kano ko Kaduna, ku dawo kafin magariba. Sabunta katin zamansa kuwa sai ofishin shige da fice, ban da 'yan kamasho.