Shagon dukanci a intanet: na haya ko na kanka?

Tambaya: Malam, ni baduku ne a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina ɗinka takalma da jakunkuna na fata. Masu saye daga Garwa da Njamena suna ta ce min in buɗe shafi na kaina, in daina watsa hotuna a WhatsApp kawai. Wani yaro ya ce zai kama min wuri a intanet ya ɗora min WordPress, wani kuma ya ce akwai na kyauta. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam baduku, Allah ya yi wa sana'a albarka. Su biyun duk gaskiya suka faɗa maka, amma kowa rabi ya faɗa.

Na kyautar nan, irin su WordPress.com, Wix da Google Sites, kamar rumfar haya ce a kasuwa: mai rumfa ne ke gyaran kwano da biyan mai gadi, kai dai ka shimfiɗa kayanka. Da wayar hannunka za ka iya buɗewa yau. Sharaɗin shi ne dokarsu za ka bi. A tsarin kyauta na WordPress.com sunansu na manne a ƙarshen adireshinka, suna kuma iya saka tallarsu a gefen takalmanka. Wix kuwa, ranar da ka so tashi, ba ya barinka ka ɗauke shafin yadda yake ka kai wani wuri, sai ka sake gini. Kuma mai rumfa na iya rufe kasuwar baki ɗaya, kamar yadda Yahoo ta rufe GeoCities, dandalinta na shafukan kyauta, a 2009.

Abin da yaron farko ke nufi daban ne. Manhajar WordPress, wadda ta fito tun 2003, kyauta ce, wurin ajiye ta ake biya. Kada ka ɗauka kwamfutar za ta zauna a shagonka. Da yadda wuta ke ɗaukewa a arewa lokacin zafi, wannan ba shawara ba ce. Kwamfutar tana can a ɗakin wani kamfani, wataƙila a Duwala, wataƙila a Faransa, kana biya duk wata ko duk shekara. Ba mai saka maka talla, za ka iya haɗa biya ta Orange Money ko MTN MoMo. Sai dai sabunta manhaja, toshe ɓarayin intanet da ajiye kwafi duk sun hau kanka. A watan Maris na 2021 gobara ta ci wani ginin OVH, kamfanin ajiye shafukan intanet, a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka wayi gari ba komai. Kai da ke yini da almakashi da basilla, yaushe za ka samu lokacin wannan?

Don haka ni dai na ce ka fara da na haya. Amma akwai abu ɗaya da ba zan yarda ka yi sakaci da shi ba: sunan adireshin. Ka saya da kanka, ko mai ƙarewa da .com ko .cm na Kamaru, wanda hukumar ANTIC ke kula da shi. Na .com bai cika wuce jaka goma ta sefa a shekara ba. Ka zauna kusa da yaron lokacin rajista, ka ga ya rubuta sunanka, imel ɗinka da lambar wayarka, kalmar sirri kuma kai za ka danna ta da yatsanka. Abin da ke yawan faruwa shi ne yaro ya yi rajista da imel ɗinsa, ya samu aiki ya tafi Yawunde, saƙon sabuntawa ya riƙa zuwa masa shi kaɗai. Shekara na cika suna ya faɗi, ga shi ka riga ka buga shi a kati da jikin leda. Idan sunan na hannunka, duk ranar da ciniki ya kai ka ɗauki mai kula da shafi, sai ka juya shi zuwa sabon wuri, masu saye ba za su ma lura ba. Google Sites na barin ka haɗa sunanka ba ƙarin kuɗi, WordPress.com da Wix sai ka shiga tsarin biya.

Masu sayenka na Njamena suna da dalilin matsa maka. Daga Maris na 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a Chadi, kusan wata 16, duk wanda cinikinsa ya rataya a kansu kaɗai ya ji jiki.

Sai batun kuɗi. Kamfanonin waje da katin Visa suke karɓa, da dala ko yuro, don haka ka tambayi bankinka katin da ake lodawa kafin ka fara. Hotunan kuma ka rage musu nauyi kafin ka ɗora, don mai saye a Kusiri ba zai ƙona data yana jiran hoton jaka ɗaya ya buɗe ba. Na asalin ka adana su a katin waya daban.