Ku Tambaya Mu Amsa: Yaro a Gareji, Sana'a Yake Koyo Ko Ƙarfinsa Ake Ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Daura. Ɗalibaina sun ƙi yarda da na ce musu Ingila ma ta taɓa sa ƙananan yara aikin masana'anta. Wane irin aiki suka yi, kuma me ya kawo ƙarshensa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiyarka. Tun daga ƙarshen ƙarni na 18, masaƙun auduga na yankin Manchesta sun cika da yara, wasu daga gidajen talakawa, wasu marayu ne da hukumomin unguwa suka miƙa wa masu masaƙa da sunan koyon sana'a. Dalili biyu ya sa ake son su: ladansu bai taka kara ya karya ba, kuma jikinsu na shiga inda na babba ba ya shiga. Akwai masu rarrafe ƙarƙashin injin kaɗi suna tsince audugar da ta zube, injin kuwa yana gudu, don tsayar da shi asara ce ga mai masaƙa. A nan ake rasa yatsu, wani lokacin gashin kai ya naɗe a injin. Akwai masu ƙulla zaren da ya tsinke, suna kai da komo awa 12 ko fiye. A ramukan haƙar kwal kuma, yaro ɗan shekara 6 zai wuni shi kaɗai cikin duhu yana buɗe ƙofar iska yana rufewa idan amalanken kwal ya zo wucewa.

Abin da ya fi dacewa ɗalibanka su riƙe shi ne yadda dokokin farko suka faɗi. An yi doka a 1802, an yi wata a 1819 da ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 9 a masaƙar auduga, amma ba a ɗauki ma'aikacin da zai shiga ya duba ba, sai masu masaƙa suka ci gaba da harkarsu. Dokar 1833 ce ta fara haƙori: ɗan shekara 9 zuwa 13 ba zai wuce awa 9 a rana ba, ɗan 13 zuwa 18 awa 12, ƙananan kuma sai an ba su karatun awa 2 kullum. Aka naɗa sufetoci 4. Huɗu kacal ga ƙasa guda, amma daga ranar mai masaƙa ya san ana iya shigo masa ba sallama.

Sai wata matsala ta taso wadda mu ma muka sani: ta yaya za a gane shekarun yaro? Likita ne ke kallonsa ya ƙiyasta, iyaye kuma suna ƙara wa 'ya'yansu shekaru saboda gida na buƙatar kuɗin. Rajistar haihuwa ta gwamnati ba ta fara a Ingila ba sai 1837. Bayan nan dokar 1842 ta hana mata gaba ɗaya, da yara maza ƙasa da shekara 10, aiki a ramukan haƙar ma'adinai ƙarƙashin ƙasa, ta 1847 ta tsayar da aikin mata da matasa a masaƙa kan awa 10, a 1880 kuma aka tilasta karatu har shekara 10. Amurka ba ta samu dokar tarayya mai ɗorewa ba sai 1938. A ganinmu makarantar dole ta fi kowace doka aiki, domin yaron da ke aji ba ya gindin inji, kuma ta kama ƙasa ne a lokacin da albashin iyaye ya fara isar gida.

Tambaya: Ni makanike ne a wajen Ƙofar Ƙaura, Katsina, muna kuma yin walda. Ina da yara uku: ɗan shekara 11, ɗan 13 da ɗan 16. Iyayensu ne suka kawo su da hannunsu. An ce mini ina karya doka. Ni ban ga laifin koya wa yaro abin da zai ci abinci da shi ba.

Amsa: Maigida, koyar da sana'a alheri ne, kuma Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta yarda da shi. Sai dai ta sa iyaka, yaranka uku kuwa kowa da hukuncinsa.

Ɗan shekara 11 bai kai ba. Ƙasa da 12, aikin da aka yarda kawai shi ne mara nauyi na gida ko gona a hannun danginsa. Ka kira mahaifinsa ku yi magana, ya koma makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3.

Ɗan 13 ana iya ɗaukarsa koyo, amma da rubutacciyar yarjejeniya, da yardar mahaifi da ta yaron kansa, wa'adin bai wuce shekara 5 ba, kuma jami'in ƙwadago ya sa hannun shaida. Duk da haka dokar ta hana wanda bai kai 15 ba yin aiki a masana'anta, wurin gyaran kaya kuwa yana cikin abin da ta kira masana'anta. Don haka nasa kallo ne, da sanin sunayen sifana da miƙa su, da jera kayan aiki, bayan an tashi daga makaranta. Ƙasa da 16 ba a sa yaro a kan inji, ba ya aiki ranar hutun gwamnati, ba ya wuce awa 4 a jere ba hutu, ba ya wuce awa 8 a wuni. Ɗan 16 zai iya kama aiki sosai, amma ban da aikin dare, ban da mai haɗari. Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2002 tare da ta 182 mai hana mafi munin nau'o'in aikin yara, ta ajiye aiki mai haɗari sai an cika 18.

To me ake nufi da haɗari a gareji irin naka? Na farko batir. Ruwansa asid ne mai cin fata da makantarwa, farantan cikinsa kuma dalma ce. Yaron da ya fasa tsohon batir ya ci ƙosai bai wanke hannu ba, ya haɗiyi dalma. Ba ta nuna kanta nan take: sai ciwon ciki, kasala, saurin fushi da dakushewar kai, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin shanye ta. Mun ga ƙarshen abin a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Na biyu hasken walda. Yaron da ke riƙe maka ƙarfe ba gilashi, shi ne zai farka cikin dare idonsa kamar an zuba yashi, domin hasken na ƙona saman ƙwayar ido kuma zafin ba ya tasowa sai bayan awoyi. Gilashin rana na kasuwa ba ya tare shi. Na uku shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita: jak na sacewa ko ya zame a ƙasa mai laushi, dole a tokare da ƙarfen tokari ko katako mai kauri, a sa wa tayoyi waigi. Sai zuƙar fetur da baki ta tiyo, wanda yara suka ɗauka gwaninta ce, alhali ɗigo kaɗan ya faɗa huhu ya isa ya kwantar da mutum a asibiti. Masu injin niƙa su ma su ji: bel ɗin da ba shi da murfi yana kama hannun riga ya ja hannu kafin a kai ga kashe injin.

Ka fara da takardar haihuwa. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, kada ka dogara da "ai ya girma". Ka ajiye littafi mai sunan kowane yaro, shekarunsa, ranar da ya fara da ranar da za a yaye shi. A yarjejeniyar a rubuta abin da zai iya a kowace shekara. Inda abin ke lalacewa ke nan: yaro ya shekara uku yana sayo abinci da wankin kayan aiki, bai taɓa kwance birki ba. Wannan ƙarfinsa aka ci, ko da iyayensa ne suka kawo shi.

Tambaya: An kawo mini yarinya daga ƙauye tana taya ni aikin gida, shekarunta kamar 10. Kuɗinta wata mata ce ke karɓa ta kai wa iyayenta. Da matsala? Daga wata uwargida a Rafindadi.

Amsa: Da matsala babba, Hajiya. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta mai da ɗaukar yaro ƙasa da shekara 12 aikatau laifi mai hukuncin ɗauri, kuma ya hau kan wanda ya ɗauka da wanda ya kawo. Jihar Katsina ma tana da dokarta ta kare yara tun 2020. Ki daina biya ta hannun dillaliya, ki nemi iyayen yarinyar ido da ido. Ko dai ta koma gida, ko kuwa, idan sun amince kuma kina da hali, ki riƙe ta riƙon 'ya: makaranta ɗaya da 'ya'yanki, kwano ɗaya, aikin gida daidai da nasu, kuma iyayenta su riƙa ganinta duk lokacin da suka so.