Amsa: Zanen sararin sama da tawadar alkol a zafin garin Garwa na Kamaru

'Yar uwa, kin ce tawadar tana bushewa tun kafin gajimarenki ya fito, kuma tsuntsayen suna narkewa. Ni ma haka na sha fama da farko.

Da alama kina zubawa a takarda ta yau da kullum, ita kuwa shanye tawadar take yi. Ki nemi takardar Yupo, wadda a zahiri roba ce, in ba ki samu ba ki sayi farin tayil mai santsi, karo kamar yadda muke cewa nan. Yana da arha, in zanen ya ɓaci ki goge ki sake.

Sai alkol ɗin. Na farmasi mai kashi 70 cikin ɗari ruwa ya yi masa yawa, yana barin tabo. Ki nemi mai 90 zuwa sama. Ki fara jiƙa fuskar tayil da shi, ki ɗiga shuɗi digo biyu uku, sannan ki hura da bututun shan lemo daga gefe. Inda kike son gajimare, ki ɗiga tsurar alkol, zai ture shuɗin ya bar fari. Da sassafe ki yi, kafin rana ta take. Lokacin hunturu ki rufe zanen da kwali, ƙura na manne masa.

Tsuntsaye kuwa sai ƙarshe, bayan komai ya bushe, da fenti akirilik, don alkol ba ya cikinsa. Ni shamuwa na fi so, baƙinta na fitowa sosai kan shuɗi.

Ki buɗe taga, ki nisanci murhu, alkol yana kama wuta. Kada kuma ki rataye zanen inda rana ke bugu, launin zai koɗe.