Amsa ga uwar da 'yarta ba ta fara al'ada ba

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa 'yarki ta kai shekara 16, ƙirji ya cika, amma har yanzu ba ta ga al'ada ba, kuma duk wata sai ciwon mara ya kayar da ita. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin haka ƙanwata ta yi.

Kusan shekara guda muna ba ta maganin ciwo, muna cewa ai wasu suna makara. Sai ranar da fitsari ya ƙi fita muka ruga asibiti. Likitar mata ta duba ta, aka yi mata hoton ciki. Ashe al'adar ta daɗe da farawa, hanyar fita ce babu. Tantanin budurcinta a rufe yake ruf tun haihuwa, jinin yana ta taruwa har ya danne mafitsara. Ƙaramar tiyata aka yi aka buɗe shi. Yau 'ya'yanta uku. Har gobe ina jin zafin watannin da muka bar ta tana murƙususu.

Ban ce lallai irin nata ne ba. Likitar ta yi mana bayani cewa tun jaririya tana ciki, wasu bututu biyu ne ke haɗewa su zama mahaifa da saman farji. Idan haɗuwar ta sami tangarɗa, wata sai a haife ta da shamaki a cikin farji, wata da mahaifa mai rabe biyu, wadda sau da yawa sai an yi ta ɓari ake gano ta. Akwai kuma wadda mahaifar ba ta samu ba sam, ana kiransa MRKH, kusan mace 1 cikin 5,000. Ita ƙwayayen haihuwarta lafiya lau suke, shi ya sa nono ke fitowa. Irin waɗannan matsaloli kan zo tare da na ƙoda, don haka ki roƙa a duba ƙodar ita ma.

Don Allah kada ki ba ta maganin tsinko al'ada, kada kuma ki bari wani ya taɓa ta da reza a gida. Idan hanya a toshe take, jinin na iya komawa baya ta bututun mahaifa ya jawo matsalar haihuwa nan gaba. Yarinyar da ta kai 15 ba ta fara ba, dama ta isa ganin likita.

Ki zauna da ita ku biyu kawai. Ƙanwata daga baya ta faɗa min ta ɗauka wani laifi ta yi, shi ya sa take ɓoye ciwon. Ki faɗa mata halitta ce, ba laifinta ba ne, ba kuma naki ba. Ki rubuta ranakun da ciwon ke tashi ki tafi da su wurin likitan mata a wannan makon. Allah Ya ba ta lafiya.