Tambaya da Amsa: Ganuwoyin Bakin Kogin Mandobi

Tambaya: Malam, na ga hotunan tsofaffin ganuwoyin yaƙi a bakin kogin Mandobi da ke Goa, a gaɓar yammacin Indiya. Me ya sa aka jera su wuri ɗaya, kuma sun yi amfani kuwa?

Amsa: Tsohon birnin Goa ba a bakin teku yake ba, sai jirgi ya shiga kogin ya yi tafiya kafin ya kai. Wanda ya riƙe bakin kogi shi ke da birnin. Turawan Fotugal sun koyi wannan da wahala tun 1510, lokacin da jagoransu Afonso de Albuquerque ya ƙwace garin daga sarkin Bijafur, wata masarauta ta Indiya. Da aka fatattaki Albuquerque a watan Mayu, jiragensa suka kasa fita teku, domin iskar damina kan tara yashi ta toshe bakin kogin. Suka yi wata da watanni a maƙale cikin yunwa. Sai ranar 25 ga Nuwamba ya dawo ya ci garin.

Daga nan aka shiga gina ganuwoyi da jan dutsen marmara. Ganuwar Reis Magos, ta 1551, tana gefen arewa inda kogin ya matse, ga Gaspar Dias a kudu tana fuskantarta. Igwar wancan zamani ba ta cin dogon zango, don haka ake kafa biyu daura da juna, duk jirgin da ya kutsa ya sha wuta ta gefe biyu. Da jiragen Holan suka fara zuwa a farkon ƙarni na 17, aka ga tsaron ya yi nisa da teku, sai aka gina Aguada a kan tsaunin da ke bakin mashigar, aka gama a 1612. Tana da gwalalo, da wurin ɗora igwa 79, da tankin ƙarƙashin ƙasa mai cin ruwa fiye da galan miliyan 2, wanda jiragen da suka taso daga Lisbon kan ɗiba a wancan zamani.

Batun amfani kuwa, ba a taɓa cin Aguada da yaƙi daga teku ba, amma wannan bai tsare kasuwanci ba. Daga 1636 mutanen Holan kan zo da zarar damina ta ɗauke, su tsaya can inda igwa ba ta kaiwa, daidai lokacin da jiragen barkono ke shirin tashi. A 1639 ma suka bi ta kogin Zuwari da ke kudu, suka ƙona manyan jiragen yaƙi uku na Fotugal a tashar Mormugao.

Babban raunin, a ganinmu, shi ne igwogin teku suke kallo, alhali haɗari ya fi zuwa ta tudu. Sambhaji, sarkin daular Marata mai maƙwabtaka da Goa, ya iso tsibiran bayan birnin a 1683. A 1739 Marata suka mamaye yankin Bardez da ke arewa da kogin, ko da yake Reis Magos ba ta faɗi ba.

Tambaya: Ingila ta taɓa riƙe wurin?

Amsa: Ta ajiye sojoji a Goa daga 1799 zuwa 1813, don kada Faransa ta riga ta, amma mulki na hannun Fotugal. Maƙabartarsu na nan kusa da Cabo, tsinin ƙasar da ke kudu da bakin kogin. Mulkin Fotugal ya ƙare ranar 19 ga Disamba 1961, bayan sojojin Indiya sun shigo, galibi ta tudu. A lokacin an riga an mayar da ɓangaren Aguada kurkuku.