Shin jawabin shugabanni kan zaman tare yana rage wariya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma maƙwabcin shagona Bayarabe ne haifaffen Kano, 'ya'yansa ma Hausa ce a bakinsu. Kwanakin baya ɗansa ya nemi takardar shaidar zama ɗan jiha domin neman tallafin karatu, sai aka ce masa ya tafi garin kakansa, garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Ga zagin ƙabilu ya yi yawa a Facebook, 'yan'uwanmu mazauna kudu su ma suna kukan tsangwama. Shin maganganun da shugabanni ke yi kan zaman tare suna da amfani, ko na neman ƙuri'a ne kawai?
Daga wani mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Suna da amfani, musamman a ranar da rai ya ɓaci. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida Kano bikin sallah, kuma duk wanda ya tuna rikicin ramuwar gayya da ya ɓarke a Kano a watan Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shendam a jihar Filato, ya san irin fargabar da ta kama mazauna Sabon Gari. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya taso takanas zuwa Kano, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je ta'aziyya wurin iyalan mamatan a ƙaramar hukumar Bunkure, malamai kuma suka yi ta jan kunne a kan ramuwar gayya. Kano ba ta kama da wuta ba.

Sai dai jawabi ba zai ba ɗan maƙwabcinka takarda ba, domin matsalarsa a cikin doka take. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa, addininsa ko asalinsa, amma kundin nan dai ya ɗora rabon muƙamai a kan jihar da mutum ya fito, har sashe na 147 ya wajabta a ɗauko minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta. Da yake asalin iyaye da kakanni ake dubawa, ba wurin haihuwa ko tsawon zama ba, sai takardar da ƙaramar hukuma ke bayarwa ta zama sharaɗin samun tallafin karatu, gurbin makaranta da aikin gwamnati. Ya kamata mu Kanawa mu fi kowa jin zafin wannan, saboda irin amsar da aka ba yaron nan ita ake ba Hausawan Jos waɗanda kakanninsu suka je haƙar kuza, kuma gardamar ɗan ƙasa da baƙo tana cikin tushen rikice-rikicen garin na 2001 da 2008.

Abin takaicin shi ne Kano ba da wannan ɗabi'a ta ginu ba. Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14, Sarki Muhammadu Rumfa kuma ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, fatake suka riƙa sauka suna zama. Ka ratsa cikin birni ka ji sunayen unguwanni: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Jikokin waɗannan mutane yau Kanawa ne, babu mai tambayarsu garin kakansu. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe Sabon Gari bayan isowar jirgin ƙasa, suka raba baƙon kudu da ɗan gari, mu kuma muka gaji rabon muka riƙe shi hannu biyu. Ko a kudu an taɓa ganin sauƙin kai, tunda Malam Umaru Altine, Bafulatani, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950.

A ganina, shugaban da ya yarda da zaman tare da gaske shi ne wanda ya mai da maganarsa doka. Kanada ta ayyana manufar mutunta al'adun al'ummominta a 1971, amma sai da ta kafa mata doka a 1988. A nan gida, idan ɗan takara ya zo kasuwa neman goyon bayanku, ku tambaye shi ƙarara ko zai goyi bayan a ba duk wanda aka haifa a Kano, iyayensa suna biyan haraji a nan, damar tallafin karatu, kuma ko zai tsaya a hukunta wanda ya tunzura jama'a ko da ɗan jam'iyyarsa ne.

Shi kuwa yaron, kada ya bari shekarar karatu ta wuce shi. Ya karɓo takardar daga ƙaramar hukumar mahaifinsa, ya haɗa da shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya nemi tallafin a can kafin a rufe karɓar takardu.