Akwatin gidan tarihi ba rumfar talla ba ne

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa rumfar da muka haɗa wa kamfanin waya a filin baje koli ta tashi cikin 'yan kwanaki, amma akwatunan gilashin gidan tarihi suna nan jingine a shago, na hana a rufe su, na hana a kai wa masu su. Ka ce ai katako ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Na ji daɗin tambayar, don a nan ne sana'armu ta rabu gida biyu.

Rumfar talla ta mako guda ce. Abin da ke cikinta, waya ce ko kwalbar lemo, in ya lalace akwai dubunsa a sito. Mai kamfani yana biyanmu ne don mutum ya hango daga nesa, ƙafarsa ta kawo shi, ya ɗauki hoto ya tura wa abokai. Shi ya sa muke zuba mata fenti mai ƙyalli, mu sakar mata wuta son ranmu. Ban raina wannan aiki ba, shi ke biyan hayar shago, kuma a cikinsa za ka koyi jan idon jama'a. Amma alkyabbar da fada ta ba da aro, ko lifidin doki, ko ɗan mutum-mutumin yumɓu na mutanen Sao, al'ummar zamanin dā, da aka tono a yankin kogin Logone da Shari, in ya lalace a akwatinka babu kasuwar da za ka sayo wani, daga nan Marwa ta Kamaru har Injamena ta Chadi. Amana ce.

Abin da ba ka gani shi ya fi yin ɓarna. Sa hancinka cikin akwatin nan da muka shafa wa fenti. Wannan warin tururi ne da ke fita daga fenti da gam da allunan katakon da aka manne da gam a masana'anta. A rumfa iska ke kwashe shi. A akwatin da aka toshe kuwa ba shi da mafita, sai ya zauna a kan kayan. Dalma ta yi farin gari tana marmashewa, jan ƙarfe da tagulla su yi kore. Gam ɗin nan na manna gilashi mai warin tsami yana cikin masu wannan ta'asa, shi ya sa nake aikenka ka nemo wanda ba ya warin. Ulu ma, duk kyansa a shimfiɗa, yana baƙanta azurfa, sai mu yi amfani da farin yadin auduga da aka wanke. Fentin mai ba ya shiga cikin akwati ko kaɗan. Na ruwa kuma, ko ka taɓa ka ji ya bushe, masana adana kaya sun ce a bar shi a buɗe mako huɗu kafin a rufe. Jiran da muke yi ke nan.

Akwai gwajin da wani masani mai suna Andrew Oddy ya fito da shi a babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan a 1973, har yau da shi ake aiki. Ana sa guntun kayan da ake shakka, yadi ko katako ko busasshen fenti, a kwalba tare da ɗan ruwa da ƙananan yankan azurfa da jan ƙarfe da dalma. A toshe, a ajiye a zafi mai digiri 60 na ma'aunin Salshiyas har kwana 28. In ƙarafan sun canja launi, kayan bai dace ba. Mu ba mu da na'urar da ke riƙe zafi daidai, amma kwalba da zafin bazarar Marwa suna fallasa mugun gam. Bai kai nasu tabbas ba, ya dai fi a yi aiki da ka.

Sai yanayinmu. Littattafan Turai za su ce maka a riƙe danshin ɗaki wajen kashi 50 cikin 100. Wanda ya rubuta bai kwana a nan ba. Da hunturu iska na bushewa har leɓe ya tsage, a watan Agusta kuma bango kansa gumi yake. Fata da katako da ƙwarya suna shan wannan danshi su kumbura, su sake shi su tsuke, a haka fatar tambari ke yagewa. Wasu masu ba da kwangila suna ganin na'urar sanyaya ɗaki ce magani. Ni ina faɗa musu gaskiya: na'urar da za ta yi aiki da rana, wuta ta ɗauke da dare, ta fi rashinta illa, don saurin canjin ne ke kashe kaya. Abin da muke nema shi ne canjin ya zo a hankali. Akwati mai toshewa sosai, da roba a bakin ƙofa don ƙurar hunturu, da aljihu a ƙasa inda ake zuba silika, ƙwayoyin nan masu shan danshi da kake gani cikin kwalin sabon takalmi. In ka samu hanya ka je Gawi, kamar kilomita 10 daga Injamena, ka shiga tsohuwar fadar sarkin Kotoko da aka mai da gidan tarihi. Ginin ƙasa ne mai kauri, jikinka zai gaya maka yadda yake tare zafin waje.

Wuta ma haka. Ka yi ƙorafi cewa fitilar da na zaɓa ba ta da ƙarfi. Haske yana cinye launi, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Yadi da takarda da rinanniyar fata ba a ba su fiye da luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, tukwane da duwatsu kuwa suna jure fiye da haka nesa ba kusa ba. Dabarar ita ce ka rage hasken hanyar shiga, idon mai kallo ya saba kafin ya iso, sai ya ga ɗinkin alkyabbar zare-zare. Fitilar LED muke sawa saboda ba ta zafi sosai, kuma a ɗakinta daban a saman akwati, yadda mai gyara zai canja ta bai buɗe wurin kayan ba. Hasken rana ta taga kuwa, kada ya taɓa yadi sam.

Randa mai zagayayyen gindi gammo ake yi mata, mai laushi, daidai jikinta. Ba a huda kayan tarihi, ba a manna shi da gam, ba a rataye tsohuwar riga a ƙusa, nauyinta zai yaga kafaɗar. Ƙafafun akwati na ƙarfe ne, kuma a janye shi daga bango yadda mai shara zai ga hanyar gara tun tana sabuwa.

Kada ka manta da wanda zai tsaya gaban gilashin. A Chadi rubutun hukuma Faransanci ne da Larabci, a Kamaru Faransanci da Turanci, amma tsohuwar da jikanta ya kawo Fulatanci take ji, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa. Jerin kayan ne zai ba ta labari: sirdi kusa da linzami da likkafa, a tsayin da yaron makaranta ma zai gani. Allon talabijin yana burge mai kwangila ranar buɗewa, bayan nan sai ƙura da rashin wuta. In za a sa shi, a tabbata ɗakin yana da ma'ana ko ya mutu. Kuma kwafi a rubuta cewa kwafi ne. Ƙoƙon kan Tumai, wani daɗaɗɗen dangin ɗan Adam da aka samo a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, mai shekara kusan miliyan 7, kwafinsa ake nunawa a gidajen tarihi da dama, kuma faɗin haka bai rage masa daraja ba. Haka nan in wani wurin shaƙatawa ya ce mu gina masa ɗakin ƙasa na ƙabilar Musgum irin na garin Pus, ba za mu zuba siminti mu shafa jan fenti ba. Za mu kira maginansu, don su suka san cewa zanen da ke jikin ɗakin matakala ce ta hawa gyara, kuma hanyar ruwan sama.

Ranar Asabar ka zo da kwalabe masu murfi, ka wanke su tas. Akwai sabon yadin da aka kawo mana daga Garwa, ban yarda da rininsa ba, kai nake so ka haɗa gwajin da hannunka kafin mu yanka ko taku ɗaya.